Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Gundumar Ada ta Gabas: a kafa wa Azizanya sandar awon ruwa

Mai girma Shugaban Gunduma, 'yan majalisa, sarakunan ƙasar Ada da iyayen gari,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mun rubuto muku ne game da Azizanya, ƙauyen masuntan nan da ke zaune a kan siririn harshen yashi a ƙarshen Ada Foah, daidai inda kogin Bolta yake zubawa cikin teku a ƙasar Gana, da kuma maƙwabtansa, Kewunor da tsibirin Azizakpe da Totope can yamma a bakin tafkin Songor. Abin da muke roƙo bai kai kuɗin tifa goma na dutse ba. Sandar awo guda biyu, allo a kowane mashigin kwalekwale, da mutum ɗaya da za a biya ya riƙe littafi. Dalilinmu shi ne kusan duk wata ɓarna da ruwa yake yi a wannan bakin kogi tana da ranarta da sa'arta, ana iya sanin su tun da wuri, amma babu inda aka rubuta su yadda mai kwalekwale da mai ƙyafe kifi za su gani.

Teku a wannan gaɓa tana cika sau biyu ta janye sau biyu a yini da kwana. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25, don haka kowace rana cikar tana makara da kimanin minti 50. Wanda ya ga ruwa ya cika ƙarfe 4 na yamma yau, gobe sai wajen 5 saura minti goma. Tsayin da ruwan yake hawa ba shi da yawa idan aka kwatanta da wasu ƙasashe, matsakaicinsa wajen mita ɗaya ne. Amma yana da babba da ƙarami. Lokacin da wata ya ɓuya da lokacin da ya cika, rana da wata suna jan ruwa a layi ɗaya, sai tazarar cika da janyewa ta kai kimanin mita 1.3, wani lokaci fiye. A kwanakin da rabin farin wata kaɗai ake gani a sama kuwa ba ta wuce santimita 60 ko kusa da haka. Babbar cikar ba ta zuwa daidai ranar, tana bin baya da kwana ɗaya ko biyu. Ga duk mai bin lissafin watan Musulunci abin yana da sauƙin riƙewa: daga 29 ga wata zuwa 3 ga sabon wata, sai kuma daga 14 zuwa 17. Kwanakin lafawa su ne wajen 7 zuwa 9 da 22 zuwa 24. Tsohuwar da ke zango tana lissafin azumin kwanakin farin wata ta riga ta san ranakun da ya kamata a ja kwalekwale sama, ba a dai taɓa gaya mata cewa lissafin ɗaya ne ba.

Akwai kuma abin da ya sa ambaliyar teku a nan take yawan samun mutane a kan tabarma. A gaɓar Gana, babbar cika tana faɗowa ne tsakanin goshin asuba da fitowar rana, sai kuma tsakanin la'asar da magariba. Ta yamma kowa ido biyu yake. Ta asuba ita ce mai cin kaya. Ambaliyar da ta shiga garuruwan Keta da Anloga da kewaye a ranar Lahadi 7 ga Nuwamba 2021, ta raba dubban mutane da ɗakunansu, da asuba ta zo, kwana uku bayan ɓuyan wata na 4 ga Nuwamba, kuma a makon da wata ya fi kusantar duniya. Jadawalin cikar wannan rana yana nan a buge tun farkon shekarar. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai cika kaɗai ba ta tsallake tudun yashi. Abokiyar aikinta ita ce doguwar igiya da guguwar kudancin Atilantika take turowa daga dubban kilomitoci, wadda takan iso ko da sama garau take babu iska. Ana gane ta da agogo: a tsaya a bakin gaɓa, a ƙirga daƙiƙa tsakanin fashewar igiya da mai bi mata. Idan 8 ne zuwa 10, teku ce ta yau da kullum. Idan ta kai 14 ko 16, kowace igiya tana ɗauke da ruwa mai yawa kuma tana hawa gaɓa da nisa. Daga Mayu zuwa Satumba aka fi samunta, amma takan zo a wasu watanni. Duk ranar da doguwar igiya ta haɗu da babbar cika, wannan dare ba na barci ba ne a Totope da Azizanya. Hukumar hasashen yanayi ta Gana tana fitar da bayanin igiya, hukumar tashoshin jiragen ruwa tana buga jadawalin cika na Tema da Takoradi. Abin da babu shi ne wanda zai ɗora takardun nan biyu a kan tebur ɗaya ya ce wa mutanen Ada, Alhamis da asuba ku yi hattara.

Jadawalin Tema ba zai yi wa cikin kogi daidai ba sai an gyara shi, kuma aikin sandar ke nan. A samo katako mai ƙarfi ko allon faiba mai tsawon mita 3, a yi masa zane baƙi da fari kowane santimita 10, da jan layi da babbar lamba a kowane rabin mita. A ɗaure shi a jikin ginshiƙin kankare na mashigin jirgi, a ɓangaren kogi inda igiya ba ta bugu, da noti na ƙarfen da ba ya tsatsa. Noti na gama-gari damina ɗaya zai yi a ruwan gishiri. Sifilin sandar ya kasance ƙasa da inda ruwa ya fi janyewa, domin kada a wayi gari sanda tana tsaye a kan taɓo. Kada a kafa ta a yashi kawai, domin yashin bakin kogi yana tafiya, sanda ta nutse santimita biyar ba wanda ya lura, lissafin wata shida ya lalace. Saboda haka a sa safiyo ya buga ƙusar tagulla a gindin wani gini mai ƙarfi a kan tudu, ya auna tazararta da sifilin sandar, a riƙa sake awon duk wata uku. A kankare ƙananan halittun da ke manne wa katako duk mako biyu, in ba haka ba lambobin ƙasa za su ɓace. Kuma a gaya wa masu kwalekwale da babbar murya cewa ba turken ɗaure jirgi ba ne, don wannan shi ne ajalin yawancin irin waɗannan sanduna.

Mai littafi zai yi kwana 30 na farko yana karatu kowace awa daga asuba zuwa magariba, da kowane minti 15 idan cika ta gabato. Ruwa ba ya tsayawa cik, don haka ya dubi sanda na minti ɗaya, ya ɗauki tsakiyar inda ruwa yake hawa da inda yake sauka. Agogon wayarsa ya isa, kuma Gana tana kan agogon GMT duk shekara, babu wani sauyi da za a yi. Bayan wata guda za a ga minti nawa cikar Azizanya take bin ta Tema, da santimita nawa take raguwa. Daga nan sai a ƙara wannan gyara a kan jadawalin shekara, a rubuta na kowane mako da alli a allo. Sanda ta biyu a kafa ta a Big Ada, domin a bambance hawan da teku ta kawo da wanda kogi ya kawo.

Wanda zai fi cin moriyar allon nan kullum shi ne mai tsallake bakin kogi. Ruwa ba ya hawa ko sauka daidai wa daida cikin awa shida. A kasa tazarar kashi 12: awa ta farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Idan tazarar ranar santimita 120 ce, ruwa zai sauka 10, 20, 30, 30, 20, 10. Rabin ruwan duka yana fita ne a awa ta uku da ta huɗu, kuma a bakin Bolta ruwan kogi yana ƙaruwa a kansa. Idan wannan gudu ya yi karo da igiyar da ke shigowa a kan tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa, igiyar sai ta gajarce ta miƙe tsaye ta fashe. Nan ne kwalekwale suke kifewa. Lokacin da ya fi lafiya shi ne awa biyu na ƙarshen hawa, ruwa yana da zurfi kuma yana tafiya tare da igiya. Tsofaffin matuƙa sun san a dakata a ƙirga manyan igiyoyi su wuce kafin a taka inji, sun san mai shigowa yana bin bayan igiya ne ba ya tsere mata. Waɗanda ba su sani ba su ne yaran da ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido ranar Asabar, da masu lodin kaya ranar Laraba ta kasuwar Anyanui. A cikin kogi kuma janyewa ta fi hawa tsawo, kuma ruwa yana ci gaba da gudu bayan sanda ta nuna ya tsaya. Wannan ma littafin ne zai nuna tsawonsa.

Ranku ya daɗe, kun fi mu sanin tarihin garinku, amma akwai abin da ke cikinsa da ya shafi wannan magana. A 1783 Turawan Danmak suka gina ganuwar Kongenstein a Ada, shekara guda kafin ta Prinzenstein a Keta, kuma a 1850 suka sayar wa Ingila da duk abin da suka mallaka a gaɓar. Sun zaɓi wurin ne saboda kogin shi ne hanya. Bayi sun bi ta nan, daga baya manja da kwakwar manja suka biyo, ƙananan jiragen tururi suna hawa har Akuse. Gishirin Songor kuma yana hawa kogi a kwalekwale zuwa Kete Krachi da Yeji, inda fataken Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro suke samunsa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwarta da dama sun koma Kete, cinikin gishirin ya bi su. Tashar Takoradi ta 1928 da hanyoyin mota suka janye ciniki daga Ada, ta Tema a 1962 ta ƙarasa. Yau mafi yawan Kongenstein yana ƙarƙashin teku. Waɗanda suka gina ta ba a bakin igiya suka aza tubali ba, don haka ragowarta ita ce sandar awo mafi tsufa da garin yake da ita.

Abin da ya sauya kogin shi ne madatsar Akosombo da aka gama a 1965, da ta Kpong a 1982. Kafin su, Bolta yana tumbatsa a Satumba da Oktoba ya share bakinsa ya zuba wa teku yashi, da rani ya ƙafe har ruwan gishiri ya hau can sama. Yanzu kusan adadin ruwa ɗaya yake saukowa duk shekara, gwargwadon abin da injinan lantarki suka sako, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 na yashi da laka suna kwanciya a cikin tafkin madatsar. Igiya kuwa ba ta daina aikinta ba. Tana zuwa daga kudu maso yamma a karkace, tana kwasar yashi daga yamma zuwa gabas dare da rana. Abin da ta kwasa a da kogi yana mayarwa, yanzu daga ƙarƙashin gidaje take ɗauka.

Shingayen dutsen da aka miƙa cikin teku a gaban Ada daga 2013 sun yi aiki, gaskiya ce, gaɓa ta faɗaɗa a wuraren da ruwa ya kusa cin titi. Amma shingen dutse ba ya haifar da yashi, tare shi yake yi. Kowa zai iya gani da idonsa: yashi ya taru a gefen yamma na kowane shinge, gefen gabas ya rame. Abin da ya tsaya a nan an hana shi wanda ke gaba, kuma wanda ke gaba shi ne Fuveme a ɗaya gefen bakin kogi, ƙauyen da teku ta cinye har mutanensa suka tashi. Shinge yana buƙatar a riƙa cika masa yashi, a kuma duba gindinsa ta wajen tudu, domin nan ruwa yake zagayawa a daren babbar cika ya raba shi da gaɓa. Ga aiki mai arha: a kafa turakun siminti a bayan gaɓa duk mita 250, kowane wata a ranar 8 ga watan Musulunci, lokacin da ruwa ya lafa, a ja tef daga turke zuwa layin jiƙa na ƙarshe a rubuta. Cikin shekara biyu majalisa za ta san inda ke ramewa ba tare da jiran masana daga Akra ba. Kuma muddin tifa tana ɗibar yashi a gaɓa da dare, kuɗin shingen ana kwashe shi ne buhu-buhu.

Maganar yashe bakin kogi ta fi wuya, ba mu ce tana da amsa ɗaya ba. Da madatsa ta kawo ƙarshen ambaliyar shekara-shekara, yashi ya toshe baki, ruwan gishiri ya daina shiga, ciyawar ruwa ta cika rafuka, ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya suka samu gida. Yara suka fara fitsarin jini a ƙauyukan da a da ba a san cutar sosai ba. Daga 1990 hukumar kogin Bolta ta shiga yashe bakin domin gishiri ya shigo ya kashe su, kuma dabarar tana da tushe, waɗannan dodon koɗi ba sa jure gishiri. Amma gishirin da ya kashe su shi ne yake shiga rijiyoyin tsibirai da gonakin rake, kuma idan ya yi yawa yana kashe adode, halittar kogin nan mai ɓawo biyu. Saboda haka mai littafi ya riƙe ƙaramar na'urar awon gishiri ta hannu. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 a lita. A auna a wurare uku ko huɗu a lokacin babbar cika, sama da ƙasa, domin ruwan gishiri ya fi nauyi, yana kutsawa ta ƙasan na kogi. Mutum zai ɗanɗana sama ya ji garɗi alhali ƙasa ta yi gishiri. Yashin da aka yaso kuma a zuba shi a gaɓar da ke ramewa, kada a sayar wa magina.

Adode, wannan halitta mai ɓawo biyu da ake soyawa a tsire a sayar wa matafiya a Sogakope, ita ce abincin gidaje masu yawa. Kafin madatsa ana tsintarta can sama har wajen Akuse, yanzu ta takure a ɗan yanki kusa da Big Ada da Agave. Mata suna tsinta da hannu da ƙafa a inda ba zurfi, maza suna nutso da tiyo daga injin iska. Al'ada ta hana kamu ranar Talata, ta kuma rufe kogi daga wajen Kirsimeti zuwa wajen Ista. Wannan doka mai kyau ce, a rubuta ta a allo ɗaya da jadawalin cika. Abin da ke lalata sana'ar shi ne kwasar ƙanana kafin su hayayyafa. A yi zobe na ƙarfe mai girman da masu sana'ar da kansu suka amince, a rataye a kowane mashigi, duk wadda ta wuce ta cikinsa a mayar da ita ruwa ko a kai ta gonar ruwa ta girma, kamar yadda wasu suke yi tuntuni. Injin iskar ma a sa masa ido: idan bakin shan iskarsa yana kusa da salansa, hayaƙi mai nutso yake shaƙa a ƙarƙashin ruwa.

Sakin ruwan Akosombo na 2023, wanda aka fara 15 ga Satumba aka ƙara ƙarfinsa a Oktoba, ya nutsar da garin Mepe ya raba dubun-dubatar mutane da gidajensu. Idan tafki ya kusa ƙafa 278, iyakar abin da madatsar za ta riƙe, ba wanda zai ce a jira wata. Amma ruwan da ya iso Ada yana neman ƙofar fita, kuma sau biyu a rana babbar cika tana rufe masa ita na awoyi, ya koma ya hau tsibirai. A wannan shekara wata ya ɓuya 14 ga Oktoba, a tsakiyar sakin. Muna roƙon majalisa ta nemi hukumar kogin Bolta ta riƙa aiko da adadin da za ta saki da sa'ar da za ta saki, mai littafi ya ɗora shi a kan jadawalin cika, ya fitar da sa'o'in da Azizakpe za ta fi shan ruwa. Jami'an NADMO, hukumar agajin gaggawa ta Gana, za su san lokacin kai jirgi. Rediyon Ada, da take magana da Dangme tun 1998, ta karanta jadawalin kowace safiya da yamma, allon kuma a rubuta shi da Dangme da Ewe da Hausa saboda masu sayen kifi da gishiri da ke zuwa daga zangogi.

Namun ruwa ma kalandar nan suke bi. An sa Songor cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a 1992, UNESCO ta amince da shi a matsayin keɓaɓɓen yankin halittu a 2011. Kunkurun teku iri uku ne suke hawa wannan gaɓa su yi ƙwai, mafi yawa daga Oktoba zuwa Fabrairu. Akwai ƙarami mai launin zaitun, kilo 35 zuwa 45, mai ƙwai wajen 100 a rami mai zurfin kusan rabin mita, yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 45 zuwa 60. Akwai kore. Akwai kuma ƙaton mai bayan fata, wanda ke wuce kilo 300, raminsa ya kai santimita 70, kuma uwar tana dawowa duk kwana 9 ko 10 ta sake zubawa. Dokar namun daji ta 1971 ta haramta kama su da ɗibar ƙwansu, kuma al'adar Ada ta riga doka girmama su. Abokan gabarsu a yau karnuka ne da aladu da fitila da kuma ramewar gaɓa.

Ramin da ke ƙasa da layin babbar cika zai sha ruwa, ƙwai ya shaƙe. Irin wannan kaɗai ya kamata a ɗauke, kuma ma'aikacin gandun daji ba zai san layin ba sai da jadawali. Idan za a ɗauke, a yi cikin awa biyu zuwa shida da zubawa, kada a wuce 12, domin bayan haka ɗan tayi ya manne a saman ɓawo, juyi ɗaya ya kashe shi. A ɗauko ɗaya-ɗaya yadda yake kwance, a jera a bokiti da yashin raminsa, a haƙa sabon rami mai zurfi ɗaya da siffa ɗaya, wuya siriri ciki faffaɗa kamar tulu, tazarar mita ɗaya tsakanin ramuka. Zurfin ba abin wasa ba ne: zafin yashi ne yake yanke jinsi, sama da digiri 29 mata sun fi yawa, ƙasa da haka maza, idan ya haura 34 ko 35 na kwanaki sai mutuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, ramin da ke sama da layi a bar shi inda yake, a shimfiɗa masa ragar waya mai ido santimita 5 da 10 a danne da turaku, kare ba zai tona ba, 'ya'yan za su fita. Masu masaukin baƙi su kashe ko su kare fitilun da ke kallon teku a waɗannan watanni, domin 'ya'yan suna bin haske ne, su nufi tudu, gari ya waye ƙaguwa da hankaka su gama da su. A daina ajiye su a baho ana jiran baƙi su ɗauki hoto, ƙarfin iyon kwanakin farko suke ƙonawa a ciki. Kunkurun da taru ya jawo a sume kuma kada a jefa shi ruwa, nutsewa zai yi. A kwantar da shi a inuwa a kan cikinsa, a ɗaga bayansa kamar santimita 20 ruwa ya fita daga huhu, a rufa masa jiƙaƙƙen buhu ban da hanci, a ba shi awa huɗu har zuwa yini da kwana. Masuncin da ya yanke komarsa ya saki kunkuru ya cancanci majalisa ta ba shi zaren gyara.

Akwai ayu a rafukan ƙasan Bolta, ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma komar nailan da ake bari a ruwa kwana da kwanaki ita ce take shaƙe shi. Akwai zalɓe da balbela da guza. Daga Satumba kuma fararen tsuntsayen teku masu tsinin fiffike suna sauka a tudun yashi, wasu da zobe a ƙafa daga tsibirin Rockabill na Ayalan. A sa'ar babbar cika wurin hutunsu yana raguwa zuwa 'yan tuddai kaɗan, kuma a daidai lokacin jiragen shaƙatawa suke ratsawa su tashe su. Tazarar mita 100 ta wadatar.

Itacen mangurof da ake sara don ƙyafe kifi, wanda ake tarawa a kasuwar Anyanui, an sha yin bikin dasa shi, kuma yawancin abin da ya mutu a wurin da bai dace ba aka dasa. Yana rayuwa ne tsakanin matsakaicin ruwa da layin cika. Wanda aka soka ƙasa da haka, a filin taɓon da ya fi sauƙin shiga ranar biki, yana shafe fiye da rabin yini a nutse, ya mutu cikin wata uku. Jan mangurof mai dogayen saiwoyi yana son bakin rafi, a soka kashi ɗaya cikin uku na ɗan itacen a taɓo, tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Fari yana son inda ya fi tudu da gishiri. Kafin a dasa komai a fara buɗe rafin da ya toshe, domin inda cika take shiga ta fita sau da yawa irin yana zuwa da kansa. Wanda zai zaɓi wuri ya je ranar ƙaramar cika ya kafa tsinke a inda ruwa ya tsaya, ya dawo ranar babba ya kafa wani. Tsakanin tsinkayen nan biyu da ɗan abin da ke ƙasa da na farko, nan ne gonar.

Muna roƙon a sa wannan a kasafin shekara mai zuwa, a kafa sandunan a watan Fabrairu lokacin da teku ta fi kwanciya, domin kwana 30 na farko su cika kafin doguwar igiyar Mayu ta iso. Littafin a ajiye kwafinsa biyu, ɗaya a ofishin majalisa, ɗaya a hannun sarkin masuntan Azizanya, kuma duk wanda ya nemi gani a buɗe masa.

Allah ya ja zamaninku, ya kiyaye na kan ruwa da na kan tudu.

Naku,
Wasu masu aikin ruwa da gaɓa a ƙasan kogin Bolta